Jar Mota da Man Gyaɗana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai jikata Hadiza ɗakin mijinta a Safana. Ko na so in manta, 'yan kasuwar Batsari ba za su bar ni ba. Amma kafin in kai ku ga kunyar da na sha, sai na fara da motar, don ita ce uwar laifi. Na yarda in ɗauki nawa kason, amma wallahi ba zan ɗaukar mata nata ba.

Ni mai ƙuli ce. Tun ina budurwa a Ruma nake suyar gyaɗa, in kai niƙa, in matse mai, in toya ƙuli. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa cuta ta a awo ba. In aka miƙo mani gyaɗa, da tafin hannu nake sanin ta bana ce ko ta bara. A gidana ba a ɗibar tsaba ban sani ba, kuma duk wani makulli na gidan nan a ɗakina yake kwana. Matar ɗana takan ce ina da ido a ƙeya. (Tana tsammanin ban ji ba. Na ji.)

Shekarar da zama ya gagara a Ruma muka tattaro muka dawo cikin garin Batsari. Abin da ya rage mani na dabba bijimai biyu ne da 'yan awaki da tumaki. Sauran an kore su daji, ba sai na faɗi ko su wa ba. Sai na kira ɗana na fari (ba na kama sunansa, kun san al'ada, to bari in ce mashi Mai Mota kamar yadda gari ke ce mashi yanzu) na ce a sayar da bijiman nan kafin a zo a ɗauke su kyauta. A sayi mota, ya riƙa jigilar mutane da hatsi tsakanin Batsari da Safana da Katsina. Tunanina shi ne, saniya da sanda ake kora ta, mota kuwa ɓarawon daji ba ya da hanyar da zai shiga da ita. Abin da ban sani ba, ɓarawon daji sau ɗaya yake kore maka garke, ka yi kukanka ka share hawaye. Tsohuwar mota ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, kuma kai da ƙafarka kake kai mata.

Ranar saye Mai Mota ya ce zai tafi da abokinsa Sale, bakanike ne a bakin tasha, ya duba muna. Na ce a'a. Bakanike da dillali ai ɗan wa da ɗan ƙane ne, su haɗa baki su raba la'ada a kanmu. Ni zan je. Na sayi shanu, na sayi jaki, na zaɓa wa 'ya'ya matan aure, ƙarfe ne zai gagare ni?

Muka je Katsina wurin masu sayar da na hannu. Akwai wata fara duk ta koɗe, Mai Mota ya tsaya a kanta yana ta sauraren injin. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata ja, tana sheƙi kamar an shafe ta da man shanu. Na zagaya ta. Na ƙwanƙwasa mata haƙarƙari. Na danna kujeru, na sunsuna ciki, na duƙa na leƙa ƙarƙashi in ga ko tana zubar da wani abu. Ƙasa fes. (Daga baya na gane da safe suke matsar da su daga inda suka kwana.) Dillalin, wani siriri mai carbi a hannu, ya ce, "Hajiya, kin san kaya. Wannan ta wata malamar asibiti ce. Daga gida sai wurin aiki, ko ruwan sama ba ta bari ya taɓa ta."

Ban je Makka ba, amma Hajiyar nan da ya ce ta yi mani daɗi, ba zan ɓoye maku ba.

Mai Mota ya matso ya ce a hankali, "Inna, fentin nan sabo ne. Da mun bari Sale ya gani."

Na ce, "Sabon fenti laifi ne? Wa ke kai amarya ba lalle?"

Ya haƙura aka sayi jar, don ban tashe shi da musu ba. Allah ya isa tsakanina da mai carbin nan. In da gaske malamar asibiti ce ta hau motar nan, to da ita take ɗibar duwatsun gini bayan an tashi aiki.

Satin farko lafiya lau. Na biyu ta fara tari da safe. Kafin wata ya cika duk unguwa ta san aikinta: da an ji Mai Mota ya buɗe ƙyauren gida, sai a taru, turi. Aka ce batir ne. Aka sa batir, akuyata mai ciki ta tafi. Aka ce famfon mai, wata akuyar ta bi ta. Sannan lagireto ya fara yoyo, sai ta tafasa a tsakiyar hanya kamar an ɗora sanwa, fasinja su sauka su tsaya a rana suna zagi, masu gaggawa su karɓi kuɗinsu su hau babur. Kuloci ya ƙone ranar kasuwa da buhunan masarar mutane a baya. Duk abin da ta samo a sati, kafin Juma'a ta mayar da shi bakin tasha, ta ƙara da nawa. Turakun awakina suka zama itacen girki. Saura tunkiya ɗaya da ragon da nake kiwo don layya.

Abin da ya fi ƙona mani rai da ita shi ne munafunci. Ba ta taɓa lalacewa a gida inda ba kowa, sai ta bari an yi lodi. Kuma ba ta faɗin ciwonta duka rana ɗaya mutum ya san inda ya dosa. Sai an gyara wannan, an biya, an yi hamdala, sannan ta tuno da wani.

Rannan na ɗauki mayafi na tafi garejin da kaina. Sale ya jawo jiki daga ƙarƙashin wata mota, ya durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni? Ya gida, ya jikoki?"

"Lafiya lau. Sale, gida kake ginawa?"

"A'a, Gwaggo."

"Aure za ka ƙara?"

"A'a."

"To ina kake kai awakina?"

Ya yi 'yar dariya, ya ga ban yi ba, ya haɗiye ta. Ya ce, "Gwaggo, motar nan ta tsufa tun kafin ta zo hannunku. Injin ya gaji, shan baƙin mai yake yi. Gyaran gaskiya sai an sauke shi gaba ɗaya, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kafin Allah ya hore, na ce mashi ya riƙa dubawa kullum da safe, yana ƙara mata kaɗan."

"Kaɗan," na ce.

"Kaɗan, Gwaggo."

Zan tafi ke nan na hango jarkoki a jere a gefe, cike da baƙin man da yake tsiyayewa daga motocin mutane. Na tambayi mai facin da ke kusa, ya ce kafintoci ke saye, suna shafa wa katako. Wato a sa ka sayi sabo, a tsiyaye naka, a sayar, kai ko anini. Na ce a raina, na kama ɓarawo.

Daga ranar na sa ido. Murhun da nake suya yana kallon rumfar da motar ke kwana, saboda haka kullum da safe ina ganin abin da Mai Mota ke yi. Sai ya ja wani abu a ƙarƙashin sitiyari, bonet ya ce ƙas, ya sa hannu ya ɗaga ya tokare da ƙarfe. Ya zaro wani dogon tsinke, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ƙura mashi ido kamar mai duba ƙwan zabi. Sannan ya murɗe wani baƙin murfi a saman injin, ya ɗiga mai ɗan tsurut, bai fi ludayi ba, ya rufe.

Na ce to ga ciwon nan. Sa in zai yini yana huɗa, cika mashi ciki ake yi da dusa da harawa. Wannan baiwar Allah tana ɗaukar mutane da buhuna daga nan har Katsina, ana ba ta abinci a ludayi. Yunwa ce ke kashe ta, su kuwa suna ta canza mata hanji. Ga man nasu mai ɗan karen tsada, ya shiga kamar zuma ya fito kamar ruwan kwata. Nawa in toya ƙuli da shi in sake toyawa, yana nan garau.

Ban gaya wa kowa ba. Mace irina ba ta shawara da yara.

Ana cikin haka aka sa ranar Hadiza. Ɗiyar Mai Mota ce, a hannuna ta tashi, a bayana ta yi barci. Angon ɗan Safana ne, kuma ta hanyar gwaggonsa Asabe aka san juna. Asabe mai ƙosai ce, tun muna Ruma take zuwa sayen mai a wurina, ba ta toya da na kowa sai nawa. Muna aminci, amma irin amincin da kowa ke riƙe da wuƙarsa, don bakinta ya fi barkono. Da aka sa ranar ta same ni a kasuwa cikin mata ta ce, "Mun ji kun yi mota. To Allah ya sa amaryarmu ta iso a cikinta, ba a bayanta tana turi ba."

Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "A jar mota za ta zo, ina gaba. Ke dai ki tanadi guɗa."

Maganar nan ita ta ɗaure ni.

Biki ya matso, Mai Mota ya kai ta wurin Sale aka yi mata sabis, aka sa sababbin filogi, aka juye mai. Tunkiyar ta tafi. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Ya zo ya tsuguna bakin ƙofata ya ce, "Inna, ko mu ɗauki hayar wata don amarya? Kin san hanyar nan ba ta tsayawa ba ce."

Gaskiya ya faɗa. Akwai wani wuri kafin a kai Runka inda ko fitsari ya matsi direba ba ya taka birki, kuma dole a kai amarya a juyo kafin la'asar. Amma na ce, "Da mota a gida mu yi haya? Asabe ta ji da wane kunne?"

Ranar kai amarya, bayan sallar asuba, maza ba su dawo daga masallaci ba, mata suna bayan gida suna fama da wuta. Na ɗauki makulli. Na ɗauki galan guda cikin man da na matse don kayan garar Hadiza, matsin farko, wanda ko ƙuli bai gani ba. Na buɗe ƙofa, na ja abin nan, bonet ya ce ƙas kamar ya san ni. Na murɗe baƙin murfin, na yi bisimilla, na fara zubawa. Ta sha. Na ƙara, ta sha. Na leƙa ramin ban ga mai ya taso ba, na ce kun gani ko, ashe cikinta wayam yake, azzalumai. Na juye galan ɗin duka har na girgiza ɗigon ƙarshe. Na rufe, na shafa mata goshi na ce, "Yau ki fitar da ni kunya." (Ina gaya maku wannan ne don ku san ba da mugunta na yi ba. Ko jikokina ban taɓa sakar masu hannu da man nan haka ba.)

Da ana loda kaya, ɗaya daga cikin gwaggonnin Hadiza ta ce, "Inna, galan ɗaya na mai ba ya nan." Na ce ta kula da abin da aka sa ta.

Da hantsi muka fito. Ni a gaba da sabon mayafi, Hadiza a baya a lulluɓe tsakanin gwaggonninta biyu, tana kukan amare. Bayanmu a-kori-kura ce ɗauke da kayan ɗaki da sauran mata, Sale kuma yana can sama kan katifa, don Mai Mota ya roƙe shi ya biyo mu ko da wani abu. Motar ta tashi bugu ɗaya. Ba turi. Masu turin da suka taru suka koma da hannuwansu. Na dubi Mai Mota ta wutsiyar ido, na gyara zama. A raina har na fara tsara yadda zan ba da labarin a Safana, da inda zan dakata don Asabe ta ji da kyau.

Ba mu yi nisa da gari ba gwaggo ɗaya ta ce, "Wa ke suya a daji?"

Ɗayar ta ce, "Ni ma na ji. Kamar ƙosai."

Na ce su yi mani shiru, yunwa ce ke damunsu. Mai Mota ya dubi madubi, fuskarsa ta canza. Na waiwaya. Hayaƙi ne fari ya tokare hanya, a-kori-kurar ma ba a ganinta, sai ƙarar hon. Motar ta fara shessheƙa tana fizga kamar jakin da aka yi wa lodin wuce ƙima. Haka muka yi ta tafiya, ta ja ta saki, ta ja ta saki, Mai Mota na salati a ƙasan maƙoshi. Can ya taka, ta yi gurnani. Ya sake takawa, ta yi wani tari mai nauyi, sai shiru. Muka gangara a hankali muka tsaya. A ina? A daidai wurin nan da ba a tsayawa.

Hadiza ta bar kukan amare ta kama na gaske. Babu wanda ya ɗaga murya. Dama da hagu gonaki ne da aka daina nomawa, can gaba duhun itatuwa. Sale ya diro zai buɗe bonet, direban a-kori-kura ya ce, "Ba a nan ba. Kawo igiya." Igiyar da ke akwai ita ce wadda aka ɗaure gadon amarya da ita. Aka kwance, a-kori-kura ta wuce gaba, aka ɗaura mu a gindinta, mata suka riƙe gadon da hannu. Haka muka ratsa Runka mutane na fitowa kallo. Haka muka shiga Safana: jar mota a kan igiya kamar akuyar da za a kai kasuwa, bonet na turiri, ni a gaba da sabon mayafi.

Kuna tsammanin na zargi kaina a hanya? Ko kusa. Ƙamshin nan na ɗauka alama ce man kirki yana aiki. Tun daga bakin daji har Safana Sale nake dafawa a cikina. Na riga na yanke hukunci: tsofaffin filogi ya wanke ya mayar, ya ci kuɗin tunkiyata.

Ƙofar gidan surukai cike take. Dattawa a kan tabarmi, mata a bakin zaure. Asabe ta fito da hannu a hanci za ta yi guɗa, ta ga igiya, guɗar ta maƙale. Ta ce, "Sannunku da hanya. Ashe na yi maku ƙarya, ba turi ba ne, ja ne."

Da na yi shiru, da an shiga da amarya an wuce wurin. Mota ta lalace a hanya, wa bai taɓa gani ba? Har an fara yi muna barka da Allah ya tsare. Amma ina. Na fito, ko gaisuwa ban ƙarasa ba, na tsaya tsakiyar surukai na nuna Sale da yatsa.

"Ku shaida, jama'a. Yaron nan ya cinye mani awaki, ya cinye tunkiya. Shekaranjiya ya karɓi kuɗin sabis, yau ya tsayar da mu da amarya a bakin daji. Man da yake tsiyayewa ma sayarwa yake yi, da idona na gani. Ni ba a rufe ni. Buɗe ta nan gaban mutane, ka nuna muna abin da ka sa mata."

Mai Mota ya ce, "Inna, don Allah a bari sai mun koma gida."

"Ba za a bari ba."

Idon Sale ya yi ja. Ya buɗe. Injin ya jiƙe sharkaf, mai na ɗiga ta ko'ina, ƙamshi ya cika layin. Ya zaro tsinken nan, ya duba, ya goge, ya sake dubawa. Ya juya ga Mai Mota.

"Ka ƙara mata mai yau?"

"Ban taɓa ba. Ai shekaranjiya ka juye."

"To man da ke cikin nan ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Kuma ni ban san irinsa ba."

Asabe ce ta matso. Tun ɗazu na lura hancinta na motsi. Ta miƙa ɗan yatsa ta lakato a bakin murfin, ta murza, ta kai hanci. Ta dube ni. Ta sake sunsunawa. Sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma wurin ya yi tsit har kaji sun ji.

"Wannan ai man gyaɗa ne. Matsin hannu, an ɗan ƙara wa gyaɗar wuta wajen suya. Mutum ɗaya na sani a ƙasar Batsari mai irin wannan suyar, kuma tun ina da haƙorana duka nake saye a wurinta."

Sai gwaggon nan ta Hadiza, Allah ya shirye ta, ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Galan ɗin da ya ɓace da safe."

Mai Mota ya ɗago kai. Tun da na haife shi bai taɓa kallona ido cikin ido ba sai ranar.

"Inna?"

Ina da shekarun da zan iya cewa ban sani ba, babu mai ƙaryata ni. Ina iya faɗuwa in ce jiri ne. Duk ban yi ba. Abin da ya fito daga bakina, gaban dattawan Safana, shi ne, "Yunwa take ji."

Wani tsoho ne ya fara. Ya cusa fuska cikin babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Daga nan ta bi tabarma, ta shiga zaure, ta faɗa cikin gida. Hatta Hadiza na ga lulluɓinta na girgiza, ban sani ba ko kuka ne. Sai a lokacin Asabe ta saki guɗar da ta maƙale mata, doguwa, har da ƙari. Ta ce, "Ku shigo da amarya. Wata ta ɗauko mani ƙullu, tun da kasko ya riga ya yi zafi."

Na shiga na sami lungu na zauna. Ni da nake zuwa biki in gyara wa mutane jeren kwanuka, in faɗi wace tukunya ce gishiri bai ji ba, ranar ko ruwa ban nema ba. Asabe da kanta ta kawo mani ƙosai a faranti ta ajiye gabana, ta ce, "Ci, aminiya, da naki aka toya. Ragowar da mota ta bari." Kafin la'asar muka juyo. Jar mota ta kwana a Safana. Ni kuwa a bayan a-kori-kura na dawo, a ƙasa, a wurin da gadon ya tashi.

Injin da ake ta gudun saukewa sai da aka sauke shi. Ragon layya ya tafi, buhunan geron Mai Mota suka raka shi. Shekarar ba mu yi yanka ba. Da na je ganin ɗaki bayan wata guda, Hadiza ta ce, "Kaka, kin san sunana a unguwar nan? Amaryar igiya." Ta faɗa tana dariya, amma ni na dawo da shi a ƙirji.

Mafi wuya shi ne komawa garejin. Na ƙulla ƙuli a leda na tafi. Sale ya durƙusa kamar kullum, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

"Sale, na yi maka ƙazafi gaban mutane. Ka yafe mani."

"Ba komai, Gwaggo. Amma da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka, kaɗan za ka ce."

"Shi ne dai."

"To amma awakina fa? Ba man gyaɗa ne ya cinye su ba."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji shi. "Da na buɗe injin na ga hannun kanikawa iri-iri a ciki. An sha fama da ita kafin ku."

Wato malamar asibiti. Ina nan, ban mutu ba, wata rana zan je Katsina, kuma na riƙe fuskar mai carbin nan.

Motar tana nan har yau. Tana fita, tana dawowa, wani lokaci da ƙafarta, wani lokaci da ta mutane. Ban yafe mata ba. A kasuwa kuwa, duk ranar da na jera kwalabena sai an sami ɗan banzan da zai tsaya, ya ɗaga ɗaya ya haska a rana, ya ce, "Gwaggo, wannan na miya ne ko na mota?" In ce na ubanka ne. Ya yi dariya ya saya.

Abin da na koya bai da yawa. Wanda zai sayi mota ta hannu ya san majinyaci ya ɗauko, ya tafi da mai sanin ciwo, kada ya tafi da mai son ja. Sannan mai ido a ƙeya ta riƙa duba hannunta lokaci-lokaci, don shi ne a gaba. Makullin motar har yanzu a ɗakina yake kwana, Mai Mota bai karɓe ba, ɗan albarka ne. Sai dai ya sa an yi wa bonet ɗin marata an rataya kwaɗo. Wannan makullin ban san inda yake kwana ba, kuma ban tambaya ba.